Juma'ar da Na Bar Tukunya a Hannun Kwamfuta

Shekarata takwas ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata makarantar gaba da sakandare a Daura kafin a kawo mana na'urar. Aikina shi ne auna sinadarai, da wanke kwalabe, da tsayawa a kan abin da malamai suka ɗora a wuta har ya kammala. A lokacin muna gwajin mayar da man darbejiya ya zama man da injin dizal zai iya sha. Wanda ya taɓa shaƙar man darbejiya ya san abin da nake nufi idan na ce maigidana yakan gane ranar da muka yi gwaji tun ina zaure, kafin in yi sallama.

Da can da hannu muke yin komai. Mutum ya wuni a tsaye da ma'aunin zafi, yana rage wuta yana ƙarawa, idan ya juya baya ya amsa waya aikin yini ya lalace. Sai aka kawo na'urar. Tukunya ce ta farin ƙarfe mai cin lita ashirin, da murfi da ake ɗaurewa da noti, da muciya ta lantarki a cikinta, da hita a jikinta, da wani siririn tsinke mai auna zafi. Wayoyinta duka sun tafi ga kwamfuta. Sai a rubuta wa kwamfutar jerin aikin: ki ɗumama mai zuwa kaza, ki jira, ki zuba sinadari kaɗan-kaɗan, ki juya na awa kaza, ki huce. Ita ce za ta yi duk wannan, ana kuma iya kallon abin da take ciki ta wayar hannu. Sunan na'urar na Turanci ya yi mana nauyi a baki, sai muke ce mata tukunya kawai.

Injiniyan da ya zo daga Kano ya kafa ta ya yi kwana uku yana koya mana. A rana ta ƙarshe ya nuna mana wani wuri a allon kwamfutar ya ce, “Wannan shi ne birki. Idan zafi ya wuce digiri sittin da huɗu, ba ya shawara da kowa, yanke wutar tukunyar yake yi daga tushe. Ku taɓa duk abin da kuke so, ban da shi. Kuma kada ku bar ta tana aiki babu mutum a kusa.”

Dalilin sittin da huɗu shi ne sinadarin da muke zuba wa man. Metanol ake ce masa, ɗan'uwan sifirit ne, fari kamar ruwa. Da ya kai wajen sittin da biyar sai ya fara tafasa. Tururinsa yana kama wuta kamar fetur, harshen wutar kuma da rana da ƙyar ido ke ganinsa. Idan mutum ya shaƙe shi da yawa yana bugar da shi, yana kuma iya taɓa ido. Duk na san wannan. Ni nake koya wa ɗalibai shi.

Wata biyu muna zaman lafiya da ita. Da bazara ta kankama, wutar gari ta fara yawan ɗaukewa, ginin yana komawa kan sola. Duk lokacin da wuta ta sauya, sai lambar zafin ta yi tsalle na ƙiftawar ido, birkin ya ɗauka gaske ne, ya kashe komai. Sau uku ina zubar da man da muka sha wahalar tatsa. Shugaban sashenmu yana jiran sakamako, ni kuma kullum sai in ce masa gobe. Na kira injiniyan, ya ce yana wani aiki, sai mako mai zuwa. Ranar Laraba da hantsi, ni kaɗai a ɗakin, na shiga da lambar sirrina na kashe birkin. Kwamfutar ta tambaye ni ko na tabbata. Na ce na tabbata. Na gaya wa kaina cewa ai ina nan, ido na biyu, idan wani abu ya taso zan kashe da hannu. Ranar Alhamis aikin ya fito tas, har shugaba ya yaba. Ban gaya wa kowa abin da na yi ba.

Akwai wata dattijuwa da ke share mana gini, 'yar Dutsi ce, mijinta ya rasu ta dawo Daura wajen ɗiyarta. Iya muke ce mata. Tana riƙe da makullin ɗakinmu domin takan shigo lokacin da babu kowa. Ranar Juma'a, idan maza sun watse zuwa masallaci, sai ta goge ƙasa, ta yi alwala a famfonmu, ta shimfiɗa ɗankwali a bayan teburi ta yi azahar cikin sanyin esi. Ba ta jure warin darbejiya. Wata rana na same ta ta shigo da kasko da garwashi tana turara ɗakin da turaren wuta, na kusa yi mata tsawa. Na zaunar da ita na yi mata bayani, ta ce, “To, Malama, na daina.” Amma wasu ranakun Litinin idan na buɗe ƙofa, nakan ji ƙamshin a jikin labule. Na san ba ta daina ba, ta dai koma yi idan ba na nan. Na kawar da kai, domin a ganina ranar Juma'a da rana ba a barin komai a wuta.

Ranar Juma'ar nan na zo da wuri, na zuba mai, na cika kwalbar metanol, na kunna jerin aikin da zai ci wajen awa takwas. Na rufe tagogi saboda esi. Ban fi rabin awa da farawa ba wayata ta yi ƙara. Ɗan goggona ne daga Babban Mutum. Goggo ƙanwar mahaifina ce, a hannunta na yi shekarun firamare. Ya ce jikinta ya tsananta tun jiya, kuma tun asuba sunana take kira.

Na tsaya ina kallon allon kwamfutar. Idan na kashe, wannan man ma ya tafi, na huɗu ke nan. Idan na bari, ai jiya ta yi aikinta lafiya lau. Ga waya a hannuna, zan riƙa dubawa, akwai ma wurin da ake dannawa a tsayar da ita daga nesa. Na kulle ɗakin na nufi tasha. Wallahi a wannan lokacin ban tuna da birkin ba. Na tuna da shi kamar yadda mutum ke tuna ya bar ƙofa a buɗe, bayan motar ta wuce Zango. Na duba waya, komai daidai. Na ce Allah ya tsare, na mayar da ita jaka.

Na sami Goggo a kwance, ta rame, amma ta gane ni. Ta riƙe hannuna tana tambayar yara ɗaya bayan ɗaya. Ɗakin cike da mata. A gidan nan, da mutum ya shiga cikin ɗaki sai wayarsa ta kama sabis ɗin Nijar, domin iyaka ba ta da nisa. Sai an fita bayan gida, kusa da rumbuna, a kan wani ɗan tudu, sannan namu yake dawowa. Sau biyu na fita na duba. Da sha biyu da rabi ta fara zuba metanol, zafi sittin cif. Na koma ciki hankalina a kwance.

Wajen ɗaya da rabi maza suka tafi masallaci, gida ya yi shiru. Goggo ta sami barci. Na ce bari in sake leƙawa kafin in yi salla.

Sittin da uku.

Na ce wataƙila tsallen nan ne da take yi idan wuta ta sauya. Na jira. Rana tana dukan kaina, yashi yana ƙona min ƙafa ta cikin silifa. Lambar ta sake fitowa: sittin da biyar. A gefenta an rubuta cewa hita a kashe take. Kwamfutar ta ba da umarnin a kashe, ita a wajenta an kashe, amma zafin yana hawa. Na danna wurin tsayarwa. Ta amsa cewa ta tsaya. Sittin da shida. Na sake dannawa, na sake, har yatsana yana zamewa saboda gumi. Sittin da bakwai.

Daga baya injiniya ya bayyana mana cewa ɗan makunnin da kwamfuta ke kashe hita da shi ne ya narke ya manne, wuta tana wucewa ko an ce ta tsaya. Irin wannan ranar aka yi birkin dominta. A lokacin ban san wannan ba, abin da na sani shi ne tukunya tana tafasa a ɗaki mai rufaffun tagogi, kuma abin da zai kashe ta ni na cire shi da hannuna.

Sai na duba agogo. Biyu saura kwata. Lokacin Iya.

Na durƙusa a jikin rumbu. A zuciyata na ga ta tana tafe a barandar ɗakin gwajin a hankali kamar yadda ta saba, bokiti a hannu ɗaya, kasko a ɗaya, tana hura garwashin. Na ga ta tura ƙofa da kafaɗa.

Na kira shugaban sashenmu, waya a kashe. Na kira malamai biyu, tana ta ringi babu mai ɗauka. Na kira mai gadi, na kira maigidana. Duk namijin da na sani a Daura a wannan lokacin yana zaune a sahu yana sauraron huɗuba, wayarsa a aljihu an rufe mata baki. Iya tana da 'yar waya da take ƙullewa a bakin zane. Na kira sau biyar. Ba ta cika jin ta ba ko a ranar da babu komai.

Ina ta bin sunayen da ke wayata, sai na ci karo da lambar matar da ke sayar da abinci a bakin ƙofar makaranta. Wajenta nake aiken shinkafa da wake idan aiki ya hana ni komawa gida. Mace ce mai jiki, mai murya, Hajiya kowa ke ce mata. Ta ɗauka a bugu na biyu.

“Malama, yau kin makara, waken ya ƙare.”

“Hajiya, ki saurare ni don girman Allah. Kin ga Iya ta wuce?”

“Ta wuce tun ɗazu. A nan ma ta ɗebi garwashi. Lafiya?”

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. “Ki bar komai ki ruga ɗakinmu. Ki fito da ita. Kada garwashin nan ya shiga ɗakin, wuta za ta tashi. Kada ki kunna fitila, kada ki kashe, kada ki taɓa komai a bango. Ki riƙe numfashi idan za ki shiga. Hajiya, gudu!”

“Innalillahi!” Na ji ƙarar faranti ya faɗi, na ji tana haki, silifanta suna dukan ƙasa. Daga ƙofar makaranta zuwa gininmu tafiya ce mai ɗan tsawo, ita kuma ba yarinya ba ce. Ina riƙe da wayar da hannu biyu ina jin numfashinta, sai layin ya yanke. Na duba, sabis ɗin Nijar ya shigo.

Na hau kan wani turmi da aka kifa a wurin, na ɗaga wayar sama kamar mai roƙon ruwa. Wata matar gidan ta leƙo ta katanga ta ce, “Ke lafiya? Ko Goggo ce?” Na girgiza mata kai. Da sabis ya dawo, abin da na fara gani shi ne lambar: saba'in da ɗaya. Na sake kiran Hajiya.

“Na fito da ita!” Tana ihu, tana tari. “Na same ta zaune a ƙasa ta jingina da teburi, wai jiri take ji. Malama, ɗakin nan kamar an fasa kwalbar sifirit, idona har yaji yake. Wani abu yana ta huci a ciki.”

“Kaskon fa?”

“Yana baranda, a bakin ƙofa ta ajiye. Na juye masa ruwan bokitinta.”

“Ku matsa nesa. Ki kai ta gindin bishiya. Sannan ki zaga bayan ginin, akwai akwatin ƙarfe a bango, a waje, mai hannu ja. Ki ja hannun ƙasa.”

Na ji takunta. “Ga akwatuna nan har uku. Biyu suna da jan hannu.”

“Na kusa da taga.”

“Duk kusa da taga suke. Malama, ni fa tsoron lantarki nake ji. Ba zai ja ni ba?”

“Ba zai ja ki ba. Ki goge hannunki ya bushe. Ki ja duka biyun, Hajiya, duka.”

Na ji ta yi bisimilla. Na ji wata ƙara, kamar ƙarfe ya bugi ƙarfe, ko kamar wani abu daban, har yau ban iya rantsewa. Layin ya mutu. Na koma wurin da nake kallon tukunya, lambar ta ɓace, sai rubutu cewa an kasa samun na'urar.

Idan Hajiya ta yanke wutar ginin, haka allon zai nuna. Idan ɗakin ya kama wuta kwamfutar ta ƙone, haka ma zai nuna. Na kira ta, aka ce wayar a kashe take. Na kira har ban san adadi ba.

Na shiga gida na ɗauki mayafina da jaka. Goggo ta farka, ta bi ni da ido. Na durƙusa na ce mata wani abu ya taso a wurin aiki, zan dawo gobe. Ta ce, “Hannunki sanyi ƙalau. Je ki, Allah ya sawwaƙe.” Na fita bakin titi, babu mota ko ɗaya mai direba. Ga su nan a jere a inuwa, ga babura, masu su duk suna masallaci. Ina jin liman ta lasifika yana karatu a natse, bai san akwai mai ƙirga masa ayoyi ba. Allah ya yafe mini, a ranar na ji tsawon salla.

Da aka sallame, ɗan Goggo ya gan ni a tsaye a rana, bai yi dogon tambaya ba ya karɓi makullin motar maƙwabcinsa. Muna fita gari wayoyi suka fara dawowa. Shugabanmu ya kira, ya ga kirana. Na ce masa ya tafi ɗakin gwaji yanzu, kada kowa ya shiga, kada a mayar da wuta. Ya ce yana can wani masallaci a ƙarshen gari, amma ga shi nan. Daga nan sabis ya sake ɗaukewa, wayata kuma ta nuna ja, cajin ya kusa ƙarewa saboda kiran da na yi ta yi. Kafin mu kai Baure ta mutu. Ɗan Goggo ya miƙo tasa, sai na tarar babu lambar kowa a kaina sai ta maigidana, tasa kuma ba ta shiga.

Ban taɓa sanin hanyar nan tana da tsawo haka ba. Gonaki a share ana jiran ruwa, shanu a kwance a gindin gawo, komai a tsaye cak. Ni kuwa idona yana gaba, a sararin sama, ina neman hayaƙi tun muna da nisan da ko garin ne ya ƙone ba zan hango ba. Wani wuri aka tara kara ana ƙonawa a gona, na damƙe hannun ƙofa har ɗan Goggo ya rage gudu. Ya ce, “Ƙanwata, ki yi ta salati. Abin da Allah ya rubuta ya riga ya faru.” Gaskiya ya faɗa, amma maganar ta ƙara tsinka min zuciya, domin na san rabon da na saka a ciki. Ina ta lissafa abin da zan ce wa ɗiyar Iya. Ina tunanin Hajiya da na tura bayan gini, ita da ta ce min tsoro take ji na ce mata ba komai. Idan ƙarar da na ji ba ta makunni ba ce fa? Mata biyu, ɗaya da bokiti ɗaya da ludayi, babu wadda ta san mene ne metanol.

La'asar ta yi muka shiga Daura. Da muka karyo kwanar makaranta na rufe ido, sai da motar ta tsaya na buɗe. Ginin yana nan. Fentinsa yana nan, rufinsa yana nan. An buɗe tagogi duka, mutane sun yi cirko-cirko daga nesa. Na fito daga motar.

Hajiya ce ta fara isowa wajena, ɗankwalinta a hannu. “Ke Malama, kin kusa kashe ni da gudu. Da na ja na biyun ya yi wata ƙara, na saki waya ta faɗa kwata.” Na rungume ta ina kuka a gaban ɗalibai da malamai, ban damu ba. Na ce ina Iya. Ta ce shugaba ya sa an kai ta asibiti, tana ta amai, tana cewa tana ganin hazo.

Hazo. Tsoron da ya sauka ya sake hawa, wannan karon ya zauna.

Shugabanmu yana tsaye a baranda da hankici a hanci. Ya ce, “Abin da ban gane ba, me ya hana birkin aiki? Zan kira injiniyan nan, sai ya yi mana bayani.”

Da na yi shiru, da an kwana biyu ana zagin injiniya. Amma kwamfutar tana rubuta duk abin da aka yi mata, da ranar, da lokacin, da lambar wanda ya yi. Ba zan yi wa kaina ƙarya in ce tsoron Allah kaɗai ya buɗe bakina ba, har da sanin cewa rubutun yana nan yana jira. Na ce, “Ranka ya daɗe, ni na kashe shi. Ranar Laraba.”

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Kuma kika tafi kika bar ta.” Na ce e. Ya ce, “Je ki asibiti. Sauran magana sai Litinin.”

Kwana huɗu Iya ta yi a kwance. Likita ya ce an fito da ita da wuri, amma maganar ido sai an jira a gani. Kullum da safe sai na biya, in tsaya a bakin gado in ɗaga yatsu. “Iya, nawa ne?” Ranar farko ta ce ita dai tana ganin inuwata. Rana ta biyu ta ce uku, alhali biyu ne. Na fita na zauna a kan dakali na kasa tashi. Ban koma Babban Mutum washegari ba kamar yadda na yi alkawari, sai ranar Lahadi na je na dawo a yinin. Goggo ta ƙara mako biyu sannan Allah ya karɓi abarsa.

A rana ta huɗu, ɗiyar Iya ta fita wanke kwanuka, muka rage mu biyu. Iya ta laluba ta kamo bakin mayafina.

“Malama, ki yafe mini. Kin hana ni turaren nan ban ji ba. An ce da na shiga da kaskon da yanzu babu ginin. Ni na jawo miki wannan fitina. Don Allah ki roƙar mini shugaba kada a kore ni.”

Ashe kwana huɗun nan da wannan take kwana. Babu wanda ya gaya mata komai, ta ɗauka turarenta ne ya tayar da na'urar. Na ja kujera na zauna. Na ce mata tukunyar tana da abin da ke kashe ta idan ta yi zafi, ni na cire shi. Na ce an hana a bar ta babu mutum, ni na bar ta. Na ce na san tana shiga ranar Juma'a, na san da kaskon, ban aiko an gaya mata kada ta shiga ba. Na ce, “Iya, ko babu garwashi, abin da kika shaƙa ni na jawo miki shi. Ni ce mai neman gafara.”

Ta saki mayafin. Ta juya fuska wajen bango. Sannan ta ce, “Da kika tafi, kin tuna ina shiga?”

“Ban tuna ba sai da abin ya faru.”

“To. Mu masu shara ba a cika tunawa da mu ba, sai an ga datti.” Ba da faɗa ta faɗa ba, da ma ta yi faɗan. Can ta ce, “Na yafe. Allah ya yafe mana duka. Amma idan idon nan bai dawo ba, ke za ki riƙa zura mini zare a allura.”

Idon ya dawo a hankali, cikin wajen wata guda. Na dama ya washe sarai, na hagu har yau takan ce idan rana ta yi tsanani yana yi mata yaji. Likita bai tabbatar ko daga abin ne ko shekaru ba ne, ni dai ban taɓa ɗora wa shekaru ba. Ba a kore ta ba. An sauya mata gini, aka karɓi makullin ɗakinmu daga hannunta, abin da ya ɓata mata rai fiye da yadda na zata.

Ni kuma aka ba ni takardar tuhuma, na amsa da hannuna, aka ajiye gargaɗi a fayil ɗina, aka hana ni taɓa tukunyar har ƙarshen zango. Injiniya ya zo ya sauya makunnin da ya manne, ya gyara tsallen da lambar ke yi, aikin da bai ci masa awa biyu ba. Ya kuma ɗaura wani birki na biyu a jikin tukunyar kanta, wanda babu ruwansa da kwamfuta, babu lambar sirrin da ke kashe shi. Yana ɗaurawa bai kalle ni ba, ni ma ban ɗaga kai ba.

Da sabon zango ya kama aka mayar da ni kanta, domin babu wanda ya san ta kamar ni. Ranar farko na rubuta jerin aikin, na duba sau uku, na kasa danna wurin farawa sai da wani malami ya tsaya a bayana. Yanzu ina yi ni kaɗai, aikin yana fita da kyau, ta fi hannuna daidaito nesa ba kusa ba. Amma na jawo kujera na ajiye a inda nake ganin tukunyar da idona, ba allon kaɗai ba, kuma ba na tashi sai ta huce na taɓa jikinta da tafin hannu. Ɗalibai suna ce min mai tsanani. Ina jin su, ban taɓa yi musu gardama ba.